Yadda Na Sayo Bindigar Wana

Tun da na dawo daga yamma ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito masallaci a tare ni, in na gangara fadama ban ruwan albasa a biyo ni har bakin rijiya. Mani, yaya ƙasar Faransi take? Mani, da gaske ne ka yi magana da Bature baki da baki? Mani, ina Arzika? Biyun farko nakan amsa su ina dariya. Ta ukun ce ke sa in ce ana nemana a gida. Yau dai na gaji da zille-zille. Ku zauna in ba ku labarin tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba, don ba zan maimaita ba.

Manyan cikinku sun san Arzika, yara kuwa sai dai suna. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya gaji mahaifinmu a farauta, ni na gaje shi a albasa. Shekarar da aka yi shela a nan Sabiyal cewa kowa ya kai bindigarsa ƙofar uban ƙasa, mutane suka kai, wasu suna share hawaye. Arzika ya ce bindigar Baba ba za ta shiga tsibi ɗaya da na kowa ba. Ya saɓa ta ya yi yamma. Lokacin ko gemu ban fara ba, yanzu kuwa 'yata ta fari har ta yi aure.

Saƙonsa bai taɓa yankewa ba. Yakan zo ta bakin fataken gishiri, kuma kullum iri ɗaya ne: yana lafiya, yana gaida Inna, ran da aka bar mutum ya riƙe bindigarsa a ƙasarmu zai dawo. Inna, mahaifiyarmu, ta kama wannan magana ta riƙe gam. Ni kaina ina kewarsa, ba na ɓoyewa. Shi ya fara ɗora ni a kan jaki, shi ke tare mini faɗa a dandali. Amma kewata wasa ce in aka gwada da ta tsohuwar nan.

To, bayan girbin bara sai na ji a kasuwar Jega cewa yanzu Bature na ba da lasin, wato takardar da ke halatta wa talaka ya sayi bindigar toka ya riƙe. Na kawo wa Inna labarin tana kaɗi. Ta ajiye mazarin ta ce, "To, mi kaka jira?"

Na ce, "Inna, abin da wahala, sai an bi ƙohwa-ƙohwa."

Ta ce, "Bi. Ƙahwahu gare ka."

Ba ta ƙara ba. Kafin in gama shiri ta cika mini jaka da gabu, busasshen ganyen albasar nan da take dakawa ta dunƙula, ta ce na Arzika ne, ta san can ba su da shi.

Ƙofa ta farko ta mai garinmu ce. Shi zai shaida cewa ni ɗan gari ne, ina biyan haraji, kuma ina da dalilin neman bindiga. Na gaya masa dalilina tsakani da Allah. Ya girgiza kai ya ce, "Mani, Nasara ba shi rubuta bege ga takarda. Ba ka da gadu gona?" Na ce ina da su mana, sun tone mini dankali kaf. Ya ce, "Yauwa, ga dalili." Ta haka aladen daji da na shekara ina tsine wa suka zama masu cetona.

Daga nan sai Aliero, ƙofar uban ƙasa. Na tafi da maƙwabcina Ɗanjuma a matsayin shaida, kuma da na san abin da zai yi da na tafi da jakina. Malamin uban ƙasa ya tambaye shi ko an taɓa kai ni gaban alƙali, ya ce a'a. Ko ina shaye-shaye, ya ce a'a. Ko ina da zafin rai. Nan Ɗanjuma ya dubi sama, ya ce shi mai tsoron Allah ne, ba ni da faɗa sai in an taka mini albasa. Malam ya ɗaga alƙalami ya zuba mini ido. Allah ya taimake ni wani dattijo a fadar ya ce in haka ne duk ƙasar Aliero ba mai samun bindiga. Aka yi dariya, uban ƙasa ya ce a rubuta. Aka ba ni takarda in kai wa Joji, Baturen da ke Birnin Kebbi, don shi kaɗai ke da ikon ba da lasin.

A Jega na sauka gidan Alu mahauci, wanda ke sayen ragunanmu. Kun san Jega, ba sai na yi muku dogon bayani ba, amma kwana a cikinta daban yake da cin kasuwarta. Gidan Alu ba a tambayar baƙo daga ina, sai dai a miƙo masa romo. Ɗaki ɗaya muka haɗu da Banufe mai sayar da tasoshi da wani Bayarabe mai goro, kowa ya sa kayansa matashi. Na ci naman da ban ci ba tun layya, na kuma biya da cikina washegari.

Na leƙa kantin Turawa don in ga albarushi. Akawun ya ce ba ya sayar da ko cokali ɗaya sai ya ga lasin, kuma sai ya ga lambar da aka buga wa bindigar. Shi ne ya gaya mini kada in wahalar da kaina zuwa Birnin Kebbi, Joji ya fita rangadi, yana wajen Maiyama. A kasuwar kuma na yi kiciɓis da Dikko, bafataken da ya fi kowa kawo mana saƙon Arzika. Dogo ne, mai ƙarancin magana, jakansa sun fi sanin muryarsa fiye da mutane. Ya ce shi ma Maiyama za shi ya sayi dawa, daga can ya yi yamma ɗaukar gishiri. Da na gaya masa abin da ya fito da ni ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Allah shi sa a dace." Lokacin ban lura da yadda ya faɗe ta ba.

Muka ƙetare gulbin Jega a kwalekwale, jakai na iyo a gefe. Don tsoron ruwa na cusa takardar uban ƙasa can tsakiyar jakar gabu, na ɗora jakar a ka. Ruwa bai taɓa ta ba, wannan kam na yi dabara.

Maiyama muka same ta a hargitse. In Joji ya sauka gari, kaji su ke fara sani. An share hanya, an yi sabuwar rumfa a bariki, dogarai na bin gida-gida neman ƙwai da itace. Masauki ya yi wuya, sai a zauren wani manomi muka raɓa, mutumin kirki, ya ba mu tuwon dawa da miyar kuka har muka ce ya isa. Abin da ya ba ni mamaki, gonakinsu ba iyaka, sai dawa da gero har inda ido ya tsaya, amma ɗan lambun albasa ko na magani ban gani a unguwarsu ba. Na tambaye shi me suke yi da rani. Ya ce hutawa. Na yi ta juya maganar a raina, ban san ko tausayinsa zan ji ko hassada ba.

Mai shigar da mutane wurin Joji wani masinja ne, Garba, mutumin gabas, mai jan ɗamara da taƙama. Ya koya mini yadda zan yi: in tuɓe takalma tun daga nesa, in durƙusa, kada in yi magana sai an tambaye ni, kada in yi rantsuwa da yawa don Bature na zargin mai yawan rantsuwa. Na jira har rana ta take tsaka kafin layi ya zo kaina.

Jojin yaro ne, rana ta gasa shi ya yi ja, yana zaune a gindin tsamiya da ɗan teburinsa. Na miƙa takarda. Ya buɗe, ya kai kusa da fuska, sai ya yi atishawa, ya sake yi, ya miƙar da hannu can nesa da hancinsa. Ya ce da Hausarsa irin ta Kanawa, "Wannan takarda ce ko miya?" Dogarai suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage.

Ya tambaye ni gadu, na ba shi labarin gadu. Ya tambaye ni wurin wa zan saya. Garba ya riga ya ce in ce wani maharbi ne kawai a yamma, amma da na buɗe baki sai gaskiya ta fito. Na ce wana ne, ya ƙetare da bindigar ubanmu tun shekarar shela, uwarmu ta tsufa tana son ganinsa. Joji ya ce abin da ya wuce ya wuce, kuma bindigar da ke da lamba ta fi masa wadda ke yawo a daji. Na ji sanyi a raina. Na yi ƙarfin hali na roƙa a rubuta lasin da sunan Arzika.

Ya ce ba ya yiwuwa. Lasin na mutumin da ya tsaya a gabansa ne, wanda sunansa ke cikin masu biyan harajin gari, wanda uban ƙasa ya sani. Ni zai ba. Ya zayyana mini sharuɗɗa, Garba na nanatawa da ƙarfi kamar ni kurma ne. Bindigar toka kawai, ba mai harsashi ba. Mai sayarwa ya furta ya sayar a gaban shaidu. In na karɓa in naɗe ta, ba albarushi a ciki, in kai ta Birnin Kebbi a buga mata lamba. Kowace shekara in zo a sabunta. Na biya abin da ake biya, na dangwala yatsa, aka ba ni.

Da muka fito Garba ya ja ni gefe ya ce, "Ka dai ji da kyau? Kai kaɗai za ka riƙe ta. In aka ga wani da ita, ko ɗan'uwanka ne, a karɓe ta, ku biyu ku sha tara."

Na ce masa na ji. A zuciyata kuwa dariya nake yi masa. A gidanmu tun da nake ban taɓa jin an ce wannan fartanyar wane ce ba. Abin ƙane na wa ne, abin wa na ƙane ne, wane ne zai shigo tsakaninmu da takarda? Haka na ɗauki maganar na jefar a bayan barikin Maiyama.

Muka kama hanyar yamma da jakan Dikko. Tafiya da fatake tana koya wa mutum haƙuri, don ba kai ke da ƙafarka ba, jaki ke da ita. Muka ƙetare babban gulbi wajen Bunza. Masuntan wurin suka sayar mana da tuwon shinkafa da kifi banda, kuma a nan na ga mata na tuƙa jirgi a tsaye, goyo a baya, ko a jikinsu. Na tuna matata da ba ta yarda ta tsallaka kwata sai ta yi bisimilla sau uku. Tun daga nan kewar gida ta fara cina. Da hantsi nakan ce yanzu ana ban ruwa, da la'asar in ce yanzu Inna ta fito da tabarmarta. Sai na yi tunanin mutumin da ya yi shekaru yana irin wannan lissafi, na ji tausayin Arzika ya kama ni.

Bayan Kamba muka iso iyaka. Kuna ta tambayata yadda iyaka take, wasu na zaton ganuwa ce. Ba komai ba ce. Ƙasa ɗaya, sabara ɗaya, sai wani tarin duwatsu da 'yar bukka, da gardi mai jar hula, wato ɗan sandan Faransi. Ya dudduba kayan Dikko, ya zo kaina. Na nuna masa lasin, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan ba ta aiki a nan. Ya ce daga ina? Na ce ƙasar Aliero.

Sai fuskarsa ta sake. Ya kwance wani tsumma daga hannunsa na hagu, ga wuyan hannun ya kumbura suntum, wai doki ya kayar da shi. Ya ce ya ji labarin mutanen Aliero, ba ƙashin da ke gagarar su. Na ce masa masu ɗori gidansu daban, ni manomin albasa ne. Ya ce haka masu abu ke cewa. Dikko ya taka mini ƙafa. To, ya zan yi? Na nemi karan dawa na tsaga, na jera, na ja hannun a hankali yana cije leɓe, na ɗaure, na tofa duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Ya buɗe mana hanya, har da guzurin gyaɗa. Da za mu dawo na roƙi Dikko muka zaga ta wata hanya, kuma har yau ban san yadda hannun nan ya ƙare ba. In kun ji ana zagin masu ɗorin Aliero a ƙasar Faransi, ku yi shiru kawai.

Can ƙasar Dandawa ce. Musulmi ne kamarmu, suna jin Hausa amma a gida yarensu suke yi, gaisuwarsu kuma "fofo", da safe fofo, da yamma fofo, in ka yi tuntuɓe ma fofo. Furarsu ruwa-ruwa ce, a babbar ƙwarya ake dama ta kowa ya sa ludayi. A kwarin Foga na ga inda gishirin da muke saye a Jega ke fitowa. Ƙasa suke kankarewa, su tace ta da ruwa a kwanduna, su dafa ruwan har ya daskare. Duk tsawon raina ina zaton daga dutse ake fasa shi. Abin da ban so ba shi ne yadda maza ke watsewa cikin daji in an hango jar hula, don Faransi na kamun mutane aikin hanya. Na ce a raina, ga ƙarin dalilin da zai sa Arzika ya biyo ni.

Tungar da yake zaune ƙarama ce, a bakin daji. Mun isa da la'asar. Dikko ya yi sallama a wata ƙofa, wani mutum ya fito, kakkaura, gemu fari fat, ya tare shi da yaren Dandawa suna dariya. Ya dube ni ya gaishe ni gaisuwar baƙo. Na tsaya riƙe da jaka. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, amma wanda na shirya wa maganar saurayi ne siriri, wannan kuwa dattijo ne.

Sai ya ɗaga hanci. Ya ce da Hausarmu, wadda ba ta canja ba ko kaɗan, "Wa ad da gabu nan?"

Na ce, "Inna tac ce a kawo ma, Yaya."

Ya dafa bango. Ya ce, "Mani?" Na ce ni ne. Bai rungume ni ba, kun san ba halinmu ba ne. Ya kama hannuna ya riƙe, ya ƙi saki, har muka shiga gida muka zauna yana riƙe da shi.

Yana da mata, Gambi, Badandiya mai fara'a, da 'ya'ya har da mai aure. Suka zo suka durƙusa suka ce mini fofo. Gambi ba ta san yadda ake sa gabu a miya ba, sai ga Arzika, babban maharbin tunga, tsugune a bakin murhu yana nuna mata. Da aka kawo tuwo ya yi loma ɗaya ya ajiye hannu. Ya tambaye ni rijiyar bayan gidanmu, da tsamiyar bakin masallaci, da mutane ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabinsu na ce masa sun rasu. Inna ce bai tambaya ba sai can ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa.

Da safe na fito da lasin na shimfiɗa masa a tabarma, ina ji da kaina. Na ba shi labarin ƙofofin da na bi, ya yi dariyar atishawar Joji har da hawaye. Na ce, to, abin da ya ce yana jira ya samu, sai ya shirya mu tafi.

Ya ce, "Sunan wa ag ga takardag ga?"

Na ce nawa, amma ai duk ɗaya ne.

"In mun koma, ni ka hita da bindigag ga daji?"

Maganar Garba da na jefar a Maiyama ta dawo ta same ni. Na ce a doka ni kaɗai ne, amma wa zai gani?

Ya ce, "Kowa. Sabiyal ta, Mani. Kahin in kai bakin hwadama labari ya kai Aliero. A amshe ta, a ɗaure ka, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ko ko in zamna zaure, ƙanena shi saɓa bindiga shi wuce, yara su ce wanga tsoho da can maharbi na."

Na ce to ya dawo hannu sake, a sa shi cikin haraji, shekara ta zagayo ya nemi tasa takardar. Na ce ni zan tsaya masa, na san hanya yanzu. Na yi ta magana, har na fara ɗaga murya. Ya bar ni sai da na gaji.

Sannan ya dubi tsakar gidansa, inda Gambi ke sussuka, jikarsa na rarrafe kusa da turmi. Ya ce, "Shekara da shekaru ina cewa bindiga ta hana ni komawa. Da hwarko gaskiya ta. Daga baya ban san randa ta zan ƙarya ba. Ina son gida, Allah ya sani, ba ranar da ba ni tuna shi. Amma in na tahi, waɗanga hwa? Kai ko ka zo ka ɗauke min abin da nika hwaɗi."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma na rasa wanda zan bi. Na tashi na bar gidan, na je na zauna wurin jakan Dikko. Dikko ya miƙo mini goro. A nan na gane ya daɗe da sanin Arzika ba zai dawo ba.

Ana gobe za mu juyo Arzika ya aika aka kira limamin tunga da Dikko. Ya shiga ɗaki ya fito da bindigar Baba. Tana nan yadda na san ta, doguwa, gindinta naɗe da fatar da Baba ya ɗinka, inda hannu ke kamawa ya yi baƙi yana sheƙi. Na ce masa ni ba don ita na zo ba, ya riƙe abarsa. Ya ce yana da wata da ya saya a nan, wannan ta Baba ce, ita dai ta koma gida.

Na ciro kuɗi, ya ce in mayar, ba ya cin kuɗin ƙanensa a kan kayan ubansu. Liman ya ce in ba a ba da komai ba kyauta ce, shi kuwa ba zai shaida ciniki a kan kyauta ba. Aka tsaya cirko-cirko. Can Arzika ya kama hannun rigata ya murza ya ce, "Wa yak kaɗa zaren ga?"

Na ce, "Inna."

Ya ce, "Ita nika so."

Na tuɓe na ba shi. Ya ce ya sayar, na ce na saya, shaidu suka shafa fatiha. Da yake ba ni da wata rigar kirki, ya ba ni tsohuwar tagguwarsa ta farauta, mai launin ƙasa, na sa. Ya raka mu har bayan gari sanye da rigata, ta matse shi a kafaɗa. Na ce me zan gaya wa Inna? Ya ce in ce mata yana nan tafe bayan kaka. Na dube shi, ya kau da kai.

Dawowa ba ni da abin ba ku labari, don ban ga hanya ba. Na naɗe bindigar a tabarma kamar yadda aka ce, muka bi ta Birnin Kebbi. A can wani maƙeri a bayan ofis ya yanke 'yar fatar Baba ya ɗora ƙarfe ya buga lamba, kowane bugu sai na ji shi a haƙorina. Akawu ya rubuta lambar a lasin ya ce yanzu ta zama tawa, ina iya saɓa ta ko a tsakiyar kasuwa. Na rabu da Dikko a Jega, na kamo hanyar gida ni kaɗai.

Na shigo Sabiyal da la'asar, ta hanyar fadama, bindiga a kafaɗa. Daga nesa na hango Inna a kan tabarmarta a ƙofar gida. Ita ma ta hango ni. Idonta ya yi rauni, abin da ta gani shi ne mutum da tagguwar maharba da doguwar bindiga, yana tahowa daga yamma. Sai na ga ta miƙe tsaye, ba sanda, ba dafa bango. Ta sa hannu ta kare rana. Na ji ta ce, "Arzika?"

Ban amsa ba. Na rage tafiya, ina jan ƙafa kamar mai ciwo, don na san kowane taki na yi ina rage mata wannan farin ciki ne. Amma hanya ba ta da tsawo. Da na zo kusa ta sauke hannun, ta dube ni, ta dubi bayana.

Ta ce, "Mani, kai na. Sannu da hanya."

Ta koma ta zauna a hankali. Na durƙusa na ajiye bindigar a gabanta, ta shafa ta tun daga baki har gindi. Ta tambaye ni ko ya rame, na ce ya yi ƙiba. Ko ya ci gabun, na ce ya ci. Na gaya mata jikokinta da sunayensu, tana maimaitawa. Sannan na ce ya ce yana nan tafe bayan kaka.

Ta ce, "Wace kaka?"

Na ce bai faɗa ba.

Ta daɗe tana kallon hanya. Sannan ta ce, "To. A dai gyara mishi ɗakinai, kak ruwa su same shi."

Sabon jinkan da kuka ga ina ɗorawa a ɗakin kusa da zaure, kuna ta tsokanata wai amarya zan yi, na Arzika ne. Gobe zan ƙarasa shi, mai hannu ya zo ya taya ni.